Ƙaramin gari da hayaƙin da ke ɗumama duniya: daga ina za a fara?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙaramin gari a kan hanyar Jos zuwa Mangu. Matasanmu sun matsa sai mun yi wani abu kan sauyin yanayi, kuma shawarar da ta fi rinjaye ita ce a sayo dashen itatuwa dubu a raba. Ba mu da masana'anta, motocin garin ma ba su taka kara sun karya ba. Akwai hayaƙin da za mu rage kuwa? In akwai, ta ina za mu ɓullo wa abin, tunda ba kuɗin gwamnati muke da shi ba?

Amsa: Malam Sakatare, akwai, kuma yana nan a madafa, da bakin kasuwa, da bakin kududdufan da kuke noman rani. Amma bari in fara sauke muku wani nauyi. Ba ku kuka ɗumama duniya ba. Iskar kabon dayoksaid da ɗan Najeriya yake fitarwa ta hanyar ƙona mai da gas ba ta kai tan ɗaya ba a shekara, ta ɗan Amurka kuwa ta kai wajen tan 14, kuma nahiyar Afirka ɗungurungum ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Duk wanda ya zo ya ce matan garinku su ƙuntata wa kansu don a ceci duniya, bai yi musu adalci ba. A wannan aiki namu na kai makamashi karkara, ma'aunina guda ne: in aikin rage hayaƙi bai bar wa mutane canji a aljihu ba, ba zai ga damina biyu ba. Sa'ar da kuka yi ita ce, a gari irin naku kusan duk hayaƙin da ya tashi sama kuɗin wani ne ya ƙone.

A 2021, a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo, marigayi Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take tsotsewa, kuma a Nuwamban shekarar ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Wannan yana Abuja. Kada ku zauna jiran ya gangaro.

Aikin farko da za ku ba matasan nan shi ne sikeli da littafi. Su zaɓi gidaje ashirin, manya da ƙanana, su auna itacen da ya shiga murhu kullum har mako guda. Su bi shaguna su rubuta litar fetur nawa kowane janareta yake sha a yini, su gangara fadama su yi wa injinan ban ruwa haka. A yi sau biyu, da hunturu da kuma tsakiyar damina, don cin itace a Filato yana tashi sosai in sanyi ya sauko. Lissafin ba wuya: litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na kabon dayoksaid, ta dizal kimanin 2.7. Mu ƙaddara, a misali, akwai shaguna 40 a kasuwarku, kowanne yana shan lita uku a yini. Lita 120 ke nan, kilo 276 na hayaƙi kullum. In sun buɗe kwana 300 a shekara, an ƙona lita 36,000, an saki wajen tan 83. Ka ninka litar nan da farashin yau ka karanta wa 'yan kasuwa a taronsu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba sai ka yi musu wa'azin yanayi ba.

Ina kyautata zaton in kun gama auna ɗin, murhu ne zai zo kan gaba, don haka zan daɗe a kansa. Murhun duwatsu uku da muka gada, cikin kashi goma na zafin itacen da aka cusa masa, ɗaya ne ko ɗaya da rabi ke shiga tukunya. Sauran iska ta kwashe. Gawayi ya fi muni ta wani ɓangaren: yadda ake gasa shi a binne da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya. Shi ya sa buhun gawayin da kake gani a bakin titi, a daji ba ƙaramar ɓarna ya bari ba. In da ana mayar da kowace bishiya da aka sare, da hayaƙin ya koma jikin sabuwar da ta tsiro. Ba a mayarwa. Ga kuma lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa.

Murhu mai rufaffen ciki, wanda yake tattara harshen wuta a gindin tukunya, in an gina shi daidai yana rage itace da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi. Akwai na yumɓu da ake ginawa a gida, akwai na ƙarfe irin Save80, wanda masu shi suke cewa yana rage kashi 80, ko da yake ni nakan rage wani abu daga duk alƙaluman da mai sayarwa ya faɗa. Matsalar ba samun murhun ba ce. Shiga gidajen da aka taɓa raba su kyauta, za ka tarar da wani a bayan ɗaki kaza tana ƙwai a ciki. In ka tambayi matar gidan za ta gaya maka dalili filla-filla: tukunyarta ta gidan yawa ba ta zauna a kai ba, in ta sa muciya za ta tuƙa tuwon masara sai murhun ya riƙa rawa, sai an sami mai danne mata, yana son a faskara itace ƙanana, ita kuma ba ta da mai faskare, da hunturu kuma yara ba sa samun jin ɗumi a gefensa. Duk gaskiyarta. Maza ne suka zaɓo murhun a ofis.

Ga inda haɗin kai yake shigowa. Ku fara da masu dafa abin sayarwa: mai ƙosai, mai tuwo-tuwo, mai waina, gidan burodi, makarantar kwana, masu dafa kunu da masu burkutu. Ɗaya daga cikinsu tana cin itacen gidaje da yawa, kuma ta san kuɗin itacenta har kwabo. A ranar kasuwa a ɗora tukunya biyu iri ɗaya, mudun wake ɗaya a kowacce, ruwa daidai, ɗaya a kan duwatsu uku ɗaya a kan sabon murhu. A auna itacen kowacce a gaban jama'a, in wake ya nuna a auna saura. Gani ya kori ji. Matan su taɓa, su tuƙa, su faɗi abin da za a gyara. Bayan nan sai adashi: mata goma ko goma sha biyu, duk wadda ta kwasa murhu za ta karɓa, kuma zubin yana fitowa daga rarar kuɗin itace. Oda ɗaya ta murhu hamsin tana karya farashi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, a koya wa mai walda da maginiyar tukwane na garin yadda ake yi da gyarawa, don murhun da sai an je Jos kafin a gyara shi, ranar da ya tsage ya mutu. Wanda ya iya sayen tukunyar gas ya saya. Gas ɗin ma daga ƙasa aka haƙo shi, amma in ka gwada shi da gawayin dajin da ba a maye gurbinsa, ya fi sauƙi ga yanayi da huhu. Kuma don Allah a riƙa tunatar da mutane: kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf da sanyi yana kisa, ba ya wari, ba ya gargaɗi.

Sai janareta. Mu 'yan Filato bai kamata batun wutar gari ta kansa ya zama mana baƙo ba. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, da ruwan Kurra ya riƙa ba ma'adinan kuza wuta. Abin da ruwa ya yi jiya, rana za ta yi yau a ƙaramin sikeli, kuma an riga an gwada a jihar nan, a Demshin da Angwan Rina cikin ƙaramar hukumar Shendam. Shago ɗaya ba zai iya sayen faifan sola da inbata da batir masu kyau ba. Shaguna arba'in za su iya, ko kuma su zama kwastomomin da kamfani zai yarda ya zuba kuɗinsa dominsu. Ƙa'idar da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2023 ta sauƙaƙa: ƙaramar tashar da ba ta haɗe da babban layi, in ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista ta wadatar. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, tana da shirin tallafi, kuma a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa irin wannan aiki a Najeriya. Tallafin ta hannun kamfanonin da ke gina tashoshin yake bi, kuma abin da suke nema a gari shi ne shaidar cewa akwai masu saye. Littafin matasanku shi ne shaidar.

Wajen tsarawa, ku sa ido kan batir, don shi ne mai cin kuɗi kuma shi ne mai saurin mutuwa. Duk aikin da za a iya yi da rana tsaka, niƙa, walda, ƙanƙara, cajin waya, a ja shi can, a sa masa farashi mai rahusa, don wutar da aka sha kai tsaye daga faifai ba ta buƙatar ajiya. A auna girman tashar da hadarin Yuli da Agusta, kar a ruɗu da ranar Maris. Da hunturu ƙura takan rufe faifan, sai an sa mai gogewa da ruwa da tsumma mai laushi, kuma a biya shi. Mita ta zama ta biya-kafin-sha, har da shagon shugaban ƙungiya. Kuma daga ranar farko a ware wani kaso na kuɗin shiga a asusun canjin batir. Batirin dalmar nan da aka saba da shi shekara biyu zuwa uku yake yi in ana matsa masa, na litiyom ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fitilun titi na sola da kake gani a tsaye a mace a garuruwa, yawancinsu faifansu lafiya lau yake, batir ne ya ƙare ba wanda aka ɗora wa alhakinsa.

Injin ban ruwa ya fi wannan sauƙi, kuma in ni ne ku, bayan murhu shi zan kama. Noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari yana zuwa ne daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, kuma famfon sola ba ya buƙatar batir: rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya huta. Manoma huɗu ko biyar da gonakinsu ke jere za su iya haɗa ɗaya, da tanki ko rami a tudu, su raba kwanaki. Sai dai akwai tarko. Mai injin fetur tsadar mai ce take kashe masa inji. Mai sola ba abin da zai sa ya kashe, sai kududdufi ya ƙafe a Fabrairu, dankalin turawa da kabeji suna tsakiyar sha. Dole jadawalin ruwa ya zo tare da famfon, kuma ya haɗa da masu shayar da dabbobi a wurin.

Bola tana da nata hayaƙin da ido ba ya gani. Ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji, tumbin kwata da kashin kaji, in aka tara su jingim iska ba ta shiga, suna fitar da iskar metan. Kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar kilo 28 na kabon dayoksaid in an auna a shekara ɗari, ya haura 80 in an auna a shekara ashirin. Duk wanda ya san kasuwar Farin Gada da yamma ya san yawan abin da ake zubarwa. Maganin tsohon abu ne: takin gargajiya. A ware abin da ke ruɓewa tun daga rumfa, a jera shi hawa-hawa da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu don iska ta ratsa. In ka cusa hannu ka ji zafi a tsakiya, yana aiki. In wari ya yi yawa, ruwa ya yi yawa. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai sayuwa. Manoman ranin Jos sun daɗe suna sayen tokar bola suna zubawa a gona, amma bolar yau cike take da leda da matattun batura, tokarta tana ɗauke da guba, ƙona ta kuma wani hayaƙin ne.

Za a zo muku da maganar rijiyar gas ta kashin shanu. Tana aiki, amma ƙwayoyin da ke samar da gas ɗin sun fi son zafin digiri 30 zuwa 37, in ya sauka ƙasa da 20 sai su yi sanyin jiki, mu kuwa a nan dare kan kusanci digiri 10 a Disamba da Janairu. Tana son kashi da ruwa kullum ba fashi, in kuma tana yoyo, metan ɗin da kuke gudu shi kuke saki. A kwata ko babbar gonar kaji mai ma'aikaci na dindindin, a binne ta a ƙasa, na yarda. Gida-gida, ban ba ku shawara ba.

A gona, abu biyu a taƙaice. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa, wani kaso nata iska ke tafiya da shi, kuma takin da ya wuce buƙatar shuka wani ɓangarensa yana komawa iskar naitaros oksaid, wadda ta fi kabon dayoksaid ƙarfin ɗumama duniya sau 270 ko kusa da haka. A tona a binne, a raba sau biyu. Karan masara da harawa kuma a daina banka musu wuta. Abincin dabba ne, kuma tsohuwar musayar nan ta kara da taki tsakanin manomi da makiyayi, inda zaman lafiya ya ba da hali, ta fi kowane buhu araha.

Yanzu dashenku dubu. Ban hana ba, amma ka tambayi kanka wa zai ba su ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, wa zai kare su daga awaki. Dashen da aka raba a taro aka ɗauki hoto, in ba mai shi, kafin wata damina ta zagayo yawanci sai sandar da aka kafa masa. Ɗari biyu da kowacce ke da sunan gidan da zai ci 'ya'yanta, mangwaro, fiya, gwaba, lemo, sun fi dubu na kowa da kowa. Bishiyar turare da ta cika Filato tana saurin ba da itace, amma a nisanta ta da rafi da rijiya don shan ruwanta. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana nan Jos, ku je ku nemi shawara kan irin da ya dace da ƙasarku. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar dashe. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara barin tohon kututturan da ke gona, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran. Saiwar tana nan da ranta, don haka girman yana sauri. Sassaben zamani suke ce masa. An ƙiyasta ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, kuma ƙauye ya tsaya kan mai satar sara.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi kashe ayyukan gayya, wato asusu. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, rayuwarta ta ƙarar tana nazarin garuruwan da suka riƙe daji ko ruwa ko makiyaya a tsakaninsu ba tare da sun cinye ba. Abin da ta gano zai yi maka kama da abin da dattawan garinku suka sani: a san wane ne ɗan ciki, masu amfani da abu su ne za su yanka dokarsa, mai sa ido ya zama wanda jama'a za su iya tuhuma, hukunci ya fara da kaɗan ya riƙa hawa, kuma a sami wurin sasanci na kusa mai arha. A tsibirin Samso na Denmak, mai mutum wajen 4,000, sun fara a 1997, cikin shekara goma wutarsu ta koma ta iska, kuma abin da ya sa mutane suka yarda a kafa musu injinan a gonaki shi ne manoma da ƙungiyoyin gari suna da hannun jari a ciki.

Don haka kar ku kafa sabon kwamitin sauyin yanayi. Ku jingina kowane aiki da ƙungiyar da ta riga ta iya karɓar kuɗi: murhu ga matan adashi, sola ga ƙungiyar 'yan kasuwa, famfo ga manoman fadama. Sa hannu uku a banki, kuma a garin da ake zaune Musulmi da Kirista, ukun nan kar su fito daga ɓangare ɗaya. A karanta lissafi da baki a taro duk wata, a manna kwafi a ƙofar shagon caji. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a gode, a rubuta a littafi, amma kar a sa sunansa a jikin tashar, don ranar da ya faɗi zaɓe rabin gari za su daina biya.

Wata rana kuma wani zai zo da jaka da takardu ya ce zai raba muku murhu kyauta ko ya biya ku kuɗin bishiyoyinku, ku dai ku sa hannu. Cinikin kabon ke nan: zai sayar wa kamfanonin waje shaidar hayaƙin da kuka rage. Halal ne a doka, kuma akwai masu yi da gaskiya. Amma wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, wanda ya fito a Janairun 2024, ya gano cewa ayyukan murhun da aka duba sun zuzuta abin da suka rage har kusan ninki tara, kuma tun lokacin masu saye suka ƙara tsanani. Ku tambaye shi shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kashi nawa na kuɗin zai dawo gari kuma ta wane asusu, wa zai gyara murhun in ya lalace, kuma ko takardar ta taɓa haƙƙinku na gona ko na sare reshe. Ku karɓi kwafi, ku ce masa ya dawo bayan mako biyu, ku kai wa lauya ɗan garinku ya karanta a gaban mai gari.